Yadda Muka Zaɓi Kwamfuta Ni da Baba

Shekarata ashirin da takwas lokacin da na fara koyon rubuta manhaja. Kafin nan, tun da na gama lakwal, wato makarantar boko, a rumfar atamfa ta gwaggona nake zama a kasuwar Adawlato, ina auna yadi ina ninkewa, ina yi mata tafinta idan mai saye ya zo da Faransancin da ya fi ƙarfinta. Aikin ba shi da laifi, sai dai raina bai taɓa kwanciya a kansa ba. Wata ƙawata ce ta ba ni labarin wata cibiya da ke koya wa mata harkar kwamfuta kwana uku a mako, daga safe zuwa azahar. Na je na ba da sunana ban gaya wa kowa ba, sai da aka ɗauke ni sannan na faɗa a gida.

Watanni huɗu na farko da kwamfutocin cibiyar muke aiki, mu bibbiyu a kan ɗaya. Abin da na koya ranar Litinin, kafin Laraba ya fara zubewa, don ba ni da inda zan maimaita. Na gwada rubuta darussan a littafi da biro, ina bin layukan da ido ina ƙiyasta abin da na'ura za ta yi da su. Amma takarda ba ta gaya wa mutum ya yi kuskure. Sai in zo aji da tabbacin na iya, in buga abin da na rubuta, allo ya cika da jan rubutu.

Malamarmu 'yar ƙabilar Mina ce, mace mai ƙarancin magana, wadda ta yi shekaru tana rubuta manhaja kafin ta koma koyarwa. Wata rana bayan an tashi ta tsayar da ni, ta ce ta lura kaina yana ja, amma hannuna bai saba ba, kuma hannu ba ya sabawa da kwana uku a mako. Ta ce in nemi tawa kwamfutar, irin ta ɗauka, ko da tsohuwa ce. Na tambaye ta wace iri. Ba ta ambaci sunan kamfani ba. Ta ce in kula da abin da ake kira ram, wato inda na'ura ke riƙe aikin da take yi a lokacin, kada ya gaza giga takwas, kuma in tabbata ana iya ƙara shi gaba. Ta ce in nemi mai ma'ajiya irin ta zamani wadda ba ta juyawa, don ita ke sa na'ura ta tashi da sauri. Sauran, in ji ta, yatsuna da idona ne za su gaya mini, tun da ni zan wuni a gabanta. Na rubuta abin da ta faɗa a bayan littafina.

A watan ne kuɗin adashena ya fito, don haka na fara nema.

Yayana da ke Ankara ta ƙasar Gana yana jin labari ya dinga aiko mini da saƙon murya. Shi a ganinsa babu abin da ya dace da ni sai irin manyan nan da samari ke buga wasa da su, masu jar wuta a ƙarƙashin haruffa. Ya ce wadda ta iya ɗaukar wasa za ta iya ɗaukar komai. Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. A wani butik kusa da rumfar gwaggo akwai wata siririya mai launin azurfa, ba ta fi kaurin littafin makaranta ba. Kullum in zan wuce sai na rage tafiya. Ranar da na shiga, mai shagon ya kunna mini ita na ɗan lokaci, ya nuna mini yadda hoto ke fita tar, ya ce tana yin komai. Na tambaye shi ram ɗinta, ya ce isasshe ne. Na tambaya ko ana ƙarawa, ya ce ai ba za ta taɓa bukata ba. Sai ya kashe ta ya goge murfin da ƙyalle.

Da yamma na ba Baba labari muna zaune a tsakar gida. Baba direban kamiyo ne a da, wato babbar motar kaya. Ya yi shekaru yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai da Wagadugu, har ciwon baya ya sauke shi daga mota. Tun daga nan ya koma tashar manyan motoci da ke kusa da Zongo, shi ke riƙe da layi, wato shi ke faɗin direban da lodi ya zo kansa. Bai san komai game da kwamfuta ba, wayarsa ma mai maɓallai ce. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya saurare ni har na gama yabon siririyar, sannan ya tambaya ko na yi aiki da ita. Na ce an dai kunna mini. Ya ce shi a zamaninsa bai taɓa yarda maigida ya sayi mota ba sai an ɗora mata kaya an hau tudu da ita, don a tsaye kowace mota lafiyayya ce. Ya ce in bari ranar Asabar ya raka ni kasuwar Hédzranawoé mu ga na hannu, in ba mu samu ba siririyar tana nan.

Ban so ba. Ina ganin zai ba ni kunya ne a gaban masu kaya, ya yi ta tambayoyin da ba su da kai. Amma ba a ce wa Baba a'a a irin wannan.

Ranar Asabar muka shiga tasi tun da hantsi. A Hédzranawoé akwai layin da ake sayar da kayan lantarki da suka zo daga Turai, firij da talabijin da dutsen guga, can ciki kuma masu kwamfuta, sun jera su a kan tebur kamar faranti. Duk rumfar da muka tsaya, Baba ake yi wa bayani. Mai kaya zai dube shi da babbar riga da hula, ya fara zuba masa Faransanci. Baba sai ya bari ya yi nisa, sannan ya nuna ni da haɓa ya ce da yaren Mina, ita za ka yi wa magana, ni rakiya na yi. Bayan rumfa ta uku na daina jin nauyin zuwansa.

A can na fara lura da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Jerin haruffan da ke kan maɓallan kwamfutocin ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda suka zo daga Faransa da A suke farawa, irin na cibiyarmu ke nan, irin da na saba. Waɗanda suka biyo ta Gana kuwa da Q suke farawa. Na ɗora yatsuna a kan ɗaya mai Q, na ga alamomin da muke yawan amfani da su wajen rubuta manhaja, bakan nan masu lanƙwasa da waƙafi mai ruwa, duk suna kusa da ƙaramin yatsa na dama. A mai A sai ka murɗa hannu kafin ka same su, lamba ma sai ka danne wani maɓalli. Amma mai Q ba ta da haruffan Faransanci masu alama a ka. Haruffanmu na Hausa masu ƙugiya kuwa babu wadda ta san da su.

Ba wanda ya yarda in zauna in yi aiki. Kasuwa ce, mutane na wucewa, kowa yana so ka saya ka ba wani wuri. Wata da na so, da na ce a cire ta daga wuta in ga batirin, sai mai ita ya ce caja ce ba ta son a riƙa cirewa. Baba ya yi murmushi ya yi gaba, na bi shi. Muka zauna wajen wata mai ayimolu muka ci, shinkafa da wake da yaji, muka koma gida hannu wofi. A tasi Baba ya ce akwai wani mutum a Zongo da ya kamata mu fara zuwa wurinsa tun farko, mantawa ya yi.

Mutumin tsohon mai gyaran rediyo ne, ɗan garin Tawa, kusan sa'an Baba. Da rediyo ta ja baya ya koma waya, daga waya ya koma kwamfuta, duk da kansa ya koya. Shagonsa yana wani lungu bayan masallacin Juma'a, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, da benci a ƙofa. Na sha wucewa ta wurin ban taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba. Baba ya san shi tun lokacin da yake kai masa rediyon mota.

Muka je ranar Talata bayan azahar. Suka gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka tambayi ciwon baya, aka yi ta'aziyyar wani direba da ya rasu. Sannan ya juyo gare ni ya tambayi aikin da zan yi da ita. Na gaya masa. Ya karɓi littafina ya karanta abin da na rubuta daga bakin malama, ya gyaɗa kai, ya ce wadda ta faɗi wannan ta san abin da take yi.

Ya shiga ciki ya fito da guda uku ya jera a kan teburinsa. Ɗaya babba ce mai nauyi, irin wadda yayana ke so. Ɗaya siririya ce mai launin azurfa, ƙanwar wadda nake gani a Adawlato. Ta ukun baƙa ce mai kauri, murfinta da tabon wata takarda da aka ɓamɓare, gefe ɗaya kuma ya ɗan karce. Ya ce daga wani ofis ta fito, irin wadda ake saya wa ma'aikata da yawa a lokaci ɗaya. Haruffanta da Q suka fara.

Ya jawo mini kujera ya ce, "Zauna ki yi aikinki, 'yata. Ba na sauri. In la'asar ta yi mu je mu yi salla mu dawo, ke dai ki ci gaba."

Na zo da kayan aikina a 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Da siririyar na fara, ba sai an faɗa ba. Allonta ya fi na sauran kyau nesa ba kusa ba. Na buɗe abin rubutu, na buɗe shafukan karatu da yawa kamar yadda muke yi a aji, na sa wani aiki mai nauyi da aka ba mu ya fara gudu. Da farko lafiya. Bayan kamar rabin awa sai na ji tafin hannuna yana zufa. Baba, da ke zaune a gefe, ya miƙo hannu ya taɓa ƙarƙashinta, ya janye. Ya kara kunne kusa da ita ya ce fankarta tana kuka irin na injin da ruwa ya ƙare masa. Mai gyaran ya ce an yi ta ne don ɗaki mai sanyi, zafinmu na nan yana wahalar da ita. Na tambaye shi ram. Ya ce huɗu ne, kuma a manne yake da jikin na'urar, ba a cirewa ba a ƙarawa. Ya faɗi haka a hankali, kamar ya san ba abin da nake son ji ba ne.

Na koma kan babbar. Ita kam ba ta san an ba ta aiki ba, komai na buɗe sai ya buɗe nan take. Har na fara tunanin ko yayana ne da gaskiya. Na ɗaga ta in ji nauyinta, na tuna daga Zongo zuwa cibiya a kan zemijan, wato babur na haya, nake zuwa, jaka a baya. Ina cikin wannan tunani aka ɗauke wuta. Fankar sama ta tsaya, ɗakin ya yi tsit. Mai gyaran ko motsi bai yi ba, ya ce to, ga jarrabawar da bai shirya ba ta zo da kanta, a bar su duka uku a kunne mu gani.

Suka tafi masallaci shi da Baba. Na yi tawa sallar a kan tabarmar da ya shimfiɗa mini a bayan tebur. Kafin su dawo babbar ta mutu. Siririyar tana nan da sauranta, baƙar ma haka.

Sai a lokacin na jawo baƙar gabana, ba don ina so ba. Allonta ba shi da ƙyalli, launukan kamar an wanke su. Amma hasken taga da ke bayana bai dawo mini a ido ba kamar yadda ya yi a siririyar. Maɓallanta suna da zurfi, in ka danna kana jin ka danna. Yatsuna suka yi ta kuskure, in nufi A in sami Q, in nufi M in sami wata alama. Na yi tsaki sau biyu. Amma duk lokacin da na zo buɗe baka ko rufe layi, sai in ga hannuna bai bar wurinsa ba.

Baba ya dawo ya zauna kusa da ni, yana kallon rubutun da ke hawa kan allo. Tun da na fara zuwa cibiyar bai taɓa tambayata abin da nake koyo ba. A gida cewa ake ina karatun kwamfuta, shi ke nan. Ranar sai ya ce, "Uwata, wai shin me kike rubutawa haka? Wasiƙa ce?"

Na ce umarni ne nake ba ta, in gaya mata abin da za ta yi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kamar me. Sai dabara ta zo mini. Na ce ya ba ni motoci biyar daga cikin na tasharsu, yadda suka iso. Ya lissafo su da laƙabin direbobinsu, na shigar. Na rubuta 'yan layuka, wanda ya fara zuwa shi zai fara lodi, in ya yi lodi ya fita, na bayansa ya matso. Na ce ya tambaye ta wa ke da lodi. Ya tambaya yana dariya, na danna, ta fito da na farko. Na sake dannawa, ta fito da na biyu.

Ya ce to, na biyun nan motarsa ta lalace a ranar da layi ya zo kansa, yaya ke nan. Na ce sai ya koma baya. Na rubuta haka, ta mayar da shi ƙarshe. Baba ya girgiza kai. Ya ce in aka yi haka a tasha sai an yi dambe. Wanda motarsa ta lalace ba laifinsa ba ne, mutum biyu kawai ake bari su wuce shi, in ya gyara ya shiga. In bai gyara ba har biyun suka tafi, sannan ya koma baya. Wanda kuwa aka yi wa rasuwa, wurinsa yana nan har ya dawo daga zaman makoki, ko motoci nawa suka wuce. Akwai kuma wanda lodi ya zo kansa ya ƙi ɗauka don hanyar ba ta yi masa ba, shi ne ke komawa ƙarshe, ba a ma sauraron uzurinsa.

Ban taɓa sanin haka aikinsa yake ba. Ina ɗauka zama kawai yake a inuwa yana kiran sunaye. Na goge abin da na rubuta na sake sabo. Ya ɗauke ni lokaci, don maganar mutum biyun nan ta rikita ni, sau uku tana mayar da mai lalatacciyar mota wurin da bai dace ba. Kowane karo Baba ne ke ganewa kafin ni, ya sa yatsa kusa da allo ya ce a'a, wannan ba nan yake ba. Mai gyaran ya bar abin da yake yi ya zo ya tsaya a bayanmu. A karo na huɗu ta yi daidai. Baba ya kawo wata matsalar, motoci biyu sun lalace a jere, ita ma ta warware ta yadda shi zai warware.

Ya sake bin layukan da ke kan allon da ido. Sannan ya ce, "Ashe ba ta san komai ba sai abin da kika gaya mata."

Na ce haka ne.

Ya ce, "To aikin naki ne, ba nata ba."

Har lokacin wuta ba ta dawo ba. Siririyar ta mutu ban ma lura ba. Baƙar tana nan, na taɓa ƙarƙashinta na ji ɗumi kaɗan. Mai gyaran ya karɓe ta ya kashe, ya kifa ta, ya kwance ƙusoshi ya ɗaga murfin ƙasa. Ya nuna mini ram ɗin, giga takwas, da wani gurbi a gefensa babu komai, ya ce ranar da aikina ya yi nauyi in zo ya sa mini wani. Ya nuna mini batirin, ya ce ba sabo ba ne, kada in ɗauka zai dawwama, amma irinsa ana samu, kuma da hannu ake cire shi. Ya kuma ce ɗaya daga cikin ramukan gefe ba ya aiki, ya gwada gyarawa ya ƙi, gara in sani tun yanzu.

Na sake duban siririyar. Har yanzu ita ta fi kyau, kuma ba zan ce raina ya daina sonta a ranar ba. Baba da mai gyaran suka bar mini zaɓin. Na ce baƙar zan ɗauka. Aka yi ciniki cikin mutunci, Baba da shi suka yi, ni ina naɗe igiyar caja.

Da muka fito hadari ya haɗu ta wajen teku, iska ta fara kaɗa rumfunan masu kayan miya. Ban zo da jaka ba. Mai gyaran ya sa mini ita a leda biyu, Baba ya karɓa ya cusa a ƙarƙashin babbar rigarsa ya rungume. Muka bi lungu da sauri gwargwadon yadda bayansa zai yarda. Yayyafi ya kama mu a daidai wajen masu yanka, kafin mu kai ƙofar gida ruwa ya sauko sosai. Ni na jiƙe, shi ya jiƙe, ita ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu, ta ce a nuna mata abin da aka yi ta yawo a kansa mako biyu. Na ciro ta na ajiye a kan tebur. Ta dube ta sama da ƙasa, ta shafa tabon murfin, ta ce ita ta ɗauka sabuwa za a kawo. Baba ya ce wannan ɗin ta ga aiki, ta kuma iya.

Gab da magariba wuta ta dawo. Na ɗauko caja da ɗoki zan soka a bango, sai na ga bakinta mai ƙafa uku ne masu faɗi, irin na Gana, ramin bangonmu kuwa biyu ne masu zagaye. Duk cikinmu ba wanda ya duba. Baba ya yi dariya har da tari. Ya sa takalmi ya ɗauki lema ya nufi butik ɗin bakin titi, ya dawo da ɗan abin da ake haɗawa, muka soka, wata 'yar fitila ta kama a gefenta.

Na jawo kujera zan buɗe. Inna ta ce tuwo yana hucewa, in bar ta ta sha wutarta tukuna. Na bar ta a nan na je na wanke hannu.